Filin Mata: In Mai Kayan Sarki Ya Ce "Don Allah", Wa Zai Ce A'a?

  

Yau zan ɗauke ku mu tafi nesa, ƙasar Amurka, mu tsaya a bakin wata hanyar mota. Kada wata ta ce, "Ina ruwana da mota, ni da ko keke ba ni da shi?" Ki dai yi haƙuri ki biyo ni. Kafin mu kai ƙarshe za ki ga maganar ta iso har tsakar gidanki.

A cikin watan Nuwamba na 2013, a wani birni da ake kira Fort Worth, cikin Jihar Texas, mutane suna tafe cikin motocinsu, kowa da abin da ya fito da shi, sai suka tarar da 'yan sanda tsaye a hanya da kayan sarki. Ɗan sanda ya ɗaga hannu, ya nuna wa direba wani filin ajiye motoci, direba ya karya kan mota ya shiga. A cikin filin kuwa ba 'yan sanda ne ke jira ba, waɗansu ma'aikatan bincike ne. Su ne za su matso kusa da tagar mota su yi gaisuwa, su ce wa mutum suna wani bincike ne a kan shan barasa da ƙwayoyi wajen tuƙi, kuma ba dole ba ne, wanda ya ga dama shi zai shiga. In ya yarda, sai a yi masa 'yan tambayoyi, a ba shi wata na'ura ya busa. In ya ba da yawun bakinsa a biya shi dala 10. In ya miƙa hannu aka ɗebi jininsa a biya shi dala 50. Sun ce ba a rubuta sunan kowa, ba a kuma kama kowa. Wanda aka tarar ya bugu, sai a nema masa yadda zai isa gida lafiya, ko a tasi ko a hannun wani wanda bai sha ba.

Da jin wannan wata za ta ce, "To, ina laifi? Har da kuɗi!" Amma mutanen garin ba haka suka gani ba. Ƙara ta yi yawa, jaridu suka ɗauka, har shugaban 'yan sandan birnin, Jeffrey Halstead, ya fito ya ba jama'a haƙuri. Wata guda bayan haka aka sake yin irin wannan rigima a garin Reading na Jihar Pennsylvania, inda har wani direba ya kai ƙara kotu.

Abu biyu ne suka ɓata wa mutane rai. Na farko, sun ce an kira abin "ganin dama", alhali kuwa ɗan sanda ne ya kau da su daga hanyarsu, kuma ba wanda ya gaya musu a wannan lokacin cewa suna iya wucewa. 'Yan sandan ma sun tashi daga aikin ranar, hayarsu aka yi, amma direba bai san wannan ba, shi dai kayan sarki ya gani. Na biyu ya fi na farko zafi. Ashe mai binciken yana riƙe da wata 'yar na'ura wadda ke shaƙar iskar da ke fitowa daga bakin mutum yayin da yake magana, ta nuna ko akwai barasa a ciki. Watau tun direba bai ce i ko a'a ba, an riga an auna shi. An rubuta wannan a takardar neman yarda, amma da ƙananan baƙaƙe, kuma sai bayan an yi awon mutum ke ganin takardar.

Kafin mu yanke wa masu binciken hukunci, ya kamata mu ji ta bakinsu, gama alƙalin kirki ba ya yanke shari'a da jin gefe ɗaya.

Aikin na Gwamnatin Tarayyar Amurka ne, ta hannun hukumarta mai lura da haɗarin hanya, wadda ake kira NHTSA a taƙaice. Kuma ba a 2013 aka fara irinsa ba. An yi a 1973, an yi a 1986, da 1996, da 2007, sa'an nan wannan na 2013 zuwa 2014, wanda aka yi a yankuna 60 na ƙasar, mutum fiye da 9,000 suka shiga. Yawanci daren Jumma'a da daren Asabar ake tsayawa, daga ƙarfe 10 zuwa 12, da kuma daga ƙarfe 1 zuwa 3, domin lokacin ne mashaya ke komawa gida. Ana kuma yin kaɗan ranar Jumma'a da rana don a gwada da na dare.

Dalilinsu shi ne, in ana so a san yawan masu tuƙi a buge, ba za a dogara ga lissafin waɗanda aka kama ba, domin wanda aka kama ɗaya ne cikin masu yawa da suka wuce. Ba kuma za a bi gida gida ana tambaya ba, don ba mai cewa, "I, jiya na sha na tuƙa." Sai dai a tsaya a kan hanyar, a ɗauki motoci yadda suka zo, ba zaɓe. In kuwa allo kaɗai aka kafa aka ce mai so ya tsaya, to, wanda ya san ya sha shi ne zai fara taka mota ya wuce, lissafi ya fito fari fat, alhali ƙarya ne. Ga shi kuma cikin dare, a hanyar da motoci ke gudu, ɗan sanda ne ke da ikon sarrafa motoci ba tare da an jawo wani haɗarin ba.

Irin wannan bincike kuwa ya yi amfani ƙwarai a duniya. Wani malami na Jami'ar Indiana, Robert Borkenstein, wanda ya ƙago na'urar busawar nan a 1954, ya yi wani aiki a birnin Grand Rapids aka buga shi a 1964. Dabararsa ita ce, in an yi haɗari a wani wuri, sai a koma irin wurin a irin wannan lokaci, a tsai da direbobin da ke wucewa lafiya, a auna numfashinsu, a gwada da na waɗanda suka yi haɗari. Da haka aka gane a fili cewa gwargwadon yawan barasa a jini, gwargwadon kusantar mutum ga haɗari, kuma in ta kai wani ma'auni sai haɗarin ya yi tsalle ya hau. Wannan sani ya taimaka wajen kafa dokoki a ƙasashe da dama. A Ingila wata mace ce, Barbara Castle, tana Ministar Sufuri, ta kawo dokar busa na'ura a 1967, ta sha zagi wajen mashaya, amma ba ta janye dokar ba.

Ga kuma abin da binciken Amurka ya nuna. A 1973, cikin direbobin daren ƙarshen mako, kashi 7.5 cikin 100 barasar da ke jininsu ta kai ma'aunin 0.08, wanda a yau shi ne iyakar doka a kusan dukan jihohinsu. A 2007 abin ya sauka zuwa kashi 2.2, a 2013 zuwa 2014 ya koma kashi 1.5. Amma a tsakanin waɗannan biyun na ƙarshe, masu alamar tabar wiwi a jikinsu sun ƙaru daga kashi 8.6 zuwa kashi 12.6. Ba don an tsaya a hanya an auna ba, da wuya a san cewa ana rufe wata ƙofa wata tana buɗewa.

Kada kuma mu manta da dalilin wahalar duka. A shekarar 2013 kaɗai, mutum fiye da 10,000 suka mutu a Amurka cikin haɗarin da ke da hannun direba mai maye. Kowane ɗaya daga cikinsu akwai wadda ta haife shi. A 1980 wani mashayi ya buge wata yarinya 'yar shekara 13 a Jihar Kalifoniya, ta mutu. Uwarta, Candy Lightner, ba ta tsaya ga kuka ba, ta tara iyaye mata suka kafa ƙungiya ta yaƙi da tuƙi cikin maye, wadda ta matsa wa hukumomi har aka tsananta dokoki. Duk macen da ta taɓa zama tana sauraron ƙarar mota, maigida ko ɗa ya yi dare a hanya, ta san abin da ke zuciyar wannan uwa.

To, ga amfani mun gani. Me ya sa har yanzu na ce mutanen Fort Worth suna da gaskiya?

Ku 'yan makaranta, ku tuna ranar da shugabar makaranta ta shigo aji ta ce, "Wa za ta taimaka ta share ofis? Ba dole ba ne, mai so kawai." Tana faɗi tana dubanki. Kin tashi ko ba ki tashi ba? Ke kuma amarya, in uwar mijinki ta aiko a ba ta aron sabuwar tukunyarki, ta ce in ba ki bukatarta yau, me kike cewa, ko da kin riga kin ɗora ta a wuta? Dukanmu mun san amsar. Akwai bakin da in ya ce "don Allah", kunne umarni yake ji. Haka yake ga ɗan sanda. Tun muna yara aka koya mana, su ma haka aka koya musu, cewa in ya ɗaga hannu a tsaya. Mace tana tuƙi ita kaɗai ƙarfe 1 na dare, fitila na walƙiya, mai kayan sarki ya nuna mata fili, ba za ta tsaya tunanin ko wannan na ganin dama ne ba. In ta shiga kuwa, zuciya na bugawa, aka ce ta busa, za ta ce a ranta, "In na ƙi, sai su ce na sha." Yardar da aka samu ta haka, sunanta kawai yarda. Yarda ta gaskiya ita ce wadda mutum ya bayar yana sane da cewa in ya ce a'a ba abin da zai same shi.

Batun na'urar nan mai shaƙar numfashi kuwa, mu da muka tashi a gidan da ke da zaure ba mu bukatar dogon bayani. Baƙo yakan tsaya a ƙofa ya yi sallama, ya jira a amsa. In ya fara leƙa tsakar gida ya ga abin da zai gani, sa'an nan ya koma ya yi sallama, ba ma cewa ya yi ladabi, ko da bai ɗauki kome ba, ko da kuwa alheri ya kawo.

Sa'an nan ku dubi abin da ake roƙo. Jini da yawu ba kamar amsar tambaya ba ne. Jinin mutum yana iya faɗin irin maganin da yake sha, da cutar da yake fama da ita wadda ko danginsa bai gaya wa ba, yana iya faɗin ko mace na da juna biyu, har ya nuna wane ne ya haifi wane. Hukumar ta ce ita barasa da ƙwayoyi kaɗai take nema, kuma ba sunan kowa a jikin kwalba. Na yarda haka nufinta yake. Amma wanda ke bakin hanya da dare ba shi da yadda zai tabbatar, sai dai ya ɗauki maganar baƙon da bai taɓa gani ba. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Mutum yana da ikon ya riƙe sirrinsa, ba sai ya ba kowa dalili ba.

Su kansu alƙalan Amurka sun daɗe suna auna wannan magana. A tsarin mulkinsu akwai gyara na 4, tun 1791, wanda ya hana hukuma ta tsare mutum ko ta bincike shi ba bisa dalili ba. A 1979 Kotun Ƙoli ta ce ɗan sanda ba shi da ikon tsai da mota haka kawai don ya ga dama ya duba lasin. A 1990 aka kawo mata shari'ar wani shinge da 'yan sandan Jihar Michigan suka kafa don kama masu maye. A wannan shingen mota 126 suka bi cikin awa ɗaya da kwata, kowace ta tsaya wajen daƙiƙa 25, aka kama mutum 2. Alƙalai 6 suka ce ya halatta, domin ɓarnar masu maye babba ce, tsaikon kuwa kaɗan ne. Alƙalai 3 suka ƙi. Abin mamaki, da shari'ar ta koma gida, babbar kotun Michigan ɗin ta ce a 1993 tsarin mulkin jiharta bai yarda da shingen ba. Texas ma tana cikin jihohin da ba a kafa irin wannan shinge, kun ga ƙarin dalilin da ya sa mutanen Fort Worth suka ji abin banbaraƙwai. A 2016 kuma Kotun Ƙoli ta bambanta numfashi da jini. Ta ce wanda aka kama bisa zargin maye ana iya sa shi ya busa na'ura ba tare da takardar izinin alƙali ba, amma ɗibar jini sai da takardar, domin ana huda fata, kuma jini abu ne da za a iya ajiyewa a karanta waɗansu abubuwa a cikinsa.

Ku lura da kyau. Wannan duka a kan wanda ake zargi ne. To, in wanda aka kama ma doka ta tsare masa jininsa haka, ina ga matar da ta fito sayen cefane, ba wanda ya zarge ta da kome?

Ni a ganina ba a bar binciken ba, gama rigakafi ya fi magani, kuma ba a rigakafin abin da ba a san girmansa ba. Amma a gyara yadda ake roƙo. A kafa allo babba tun daga nesa, mai cewa bincike ne, mai so ya tsaya, marar so ya wuce. In dole sai da ɗan sanda saboda tsaron hanya, to, kalmar farko da direba zai ji ta zama, "Ba ka yi laifi ba, kana iya tafiya." Kada a auna kome, ko da iskar baki ce, sai mutum ya ce ya yarda. A kuma gaya masa da baki, da magana mai sauƙi, abin da za a nema a jininsa, da wanda zai gani, da ranar da za a zubar da shi. Na sani in an yi haka waɗansu mashaya za su sulale, lissafi ya ɗan raunana. Wannan asara ce, ba na musu. Amma akwai wadda ta fi ta. In jama'a suka ji an yi musu wayo sau ɗaya, gobe ko da gaskiya aka zo ba za su tsaya ba.

Mu nan ba sai an ba mu labarin wannan ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, an gwada wani sabon magani a kan yara wajen 200, aka yi shekaru ana shari'a, kuma ɗaya daga cikin manyan abubuwan da aka yi jayayya a kai shi ne ko an bayyana wa iyaye abin da ake yi har suka yarda. Zargin da ya biyo baya yana cikin abin da mutane suka riƙa ambata sa'ad da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, yara kuwa su suka ɗauki nauyin. Wancan babban al'amari ne, na bakin hanyar Texas ƙarami ne, amma tushensu ɗaya, watau a taɓa jikin mutum da sunan bincike, shi kuwa bai tabbata an nemi yardarsa ba.

Saboda haka, 'yan'uwa, ga abin da nake so ku riƙe. Wata rana wani zai zo miki da takarda da biro, ko da allura da kwalba, a asibiti ko a makaranta ko a ƙofar gida, ya ce bincike yake yi. Ki karɓe shi da fara'a, domin yawancinsu alheri suke nufi, kuma da irin aikinsu ake gane cuta a yi maganinta. Amma ki tambaye shi, "Wannan dole ne, ko in na ga dama?" Ki tambaye shi me za a yi da abin da aka ɗauka, wa kuma zai gani. Ki tambaye shi ko in kin ƙi za a hana ki magani ko wani abu da ke hakkinki. In an ba ki takarda ki sa hannu, ki karanta har ƙananan baƙaƙen da ke ƙasa. Don irin wannan rana aka sa ki makaranta. In maƙwabciyarki ba ta iya karatu ba, ki karanta mata, kada ta dangwala yatsa a kan abin da ba ta sani ba. Matambayi ba ya ɓata, kuma mai binciken kirki ba ya jin haushin tambaya.

Kada kuwa wata ta fahimce ni a karkace, ta je ta gaya wa maigida wai na ce a yi gardama da 'yan sanda a hanya. In ma'aikaci ya tsai da mota bisa aikinsa na doka, a tsaya, a amsa da ladabi. In kuma kin shiga motar haya kika ji warin barasa a bakin direba, ko kika ga idanunsa sun juye, ki sauka da yaranki, asarar kuɗin mota ta fi sauƙi. Abin da na ce shi ne, aikin doka daban, roƙon taimako daban, kuma hakkin mai roƙo ne ya faɗa wa mutum wanne ne ya kawo shi.

Ku kuma da za ku zama malamai, ko ma'aikatan jinya, ko ungozoma, wata rana ku ne za ku sa kayan aiki ku tsaya gaban matar ƙauye wadda ke jin nauyinku. Ku tuna ba za ta iya ce muku a'a ba sai kun buɗe mata ƙofa da kanku. Ku ce mata, "Inna, in ba ki so, ba kome, za a duba ki yadda ake duba kowa." Sa'an nan ku yi shiru ku jira amsarta.

Wadda ke da abin cewa a kan wannan, ko ta yarda da ni ko ba ta yarda ba, ta rubuto wa Edita, za mu buga. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Taku,
'Yar'uwarku